Fulawar Golden Penny: inda take haskawa da inda take neman lallami

Duk wanda ya shiga kasuwar Singer a Kano ya san buhun fulawar Golden Penny mai kilo 50, na kamfanin Flour Mills of Nigeria da aka kafa tun 1960. Akwai ta kuma a ƙananan ledoji don amfanin gida. Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne ba iri ɗaya ba ce: akwai ta masu gidan burodi, akwai wadda aka yi don kayan maƙulashe. Wadda ta fi yawo a kasuwa, wadda ake aunawa da kwano, galibi ta burodi ce, kuma a kanta wannan bayani ya tsaya.

Fulawa ce mai ƙarfi, wato danƙonta na da yawa. Gwajin ba wuya: a kwaɓa cokali uku da ɗan ruwa, a bar shi minti ashirin, sannan a riƙa wanke shi a hankali cikin ruwa har farin garin ya fita. Abin da zai rage a hannu, mai talewa kamar cingam, shi ne danƙon da ke riƙe iskar da yis ya saki. Wannan fulawa tana barin shi da yawa, shi ya sa a duk abin da ake sa wa yis ba ta ba da kunya.

A fanke, rabin kilo na fulawa na ɗaukar yis cokalin shayi biyu, sukari giram 100, gishiri rabin cokalin shayi, da ruwa mai ɗumi kusan mililita 400. A buga ƙullin da hannu sosai har ya riƙa bin yatsu, a rufe. Lokacin zafi minti arba'in ya isa ya ninka. Da hunturu kuwa yakan haura awa guda, kuma garin kan ƙara shan ruwa saboda bushewar iska, don haka a ƙara ruwa cokali biyu ko uku. Idan fanke ya sha mai, yawanci ko man bai yi zafi ba ko ƙullin ya wuce tashi har ya fara tsami. Ba laifin gari ba ne. A burodi, kilo ɗaya yana shan ruwa wajen mililita 600, amma sai an murza minti goma sha biyar kafin ya yi santsi. Wanda ya gaji ya bari a minti biyar zai sami burodi mai nauyi da ke marmashewa. Gurasa ma wannan fulawa ta dace da ita: tana manne wa bangon tanderu da kyau, tana kumbura, kuma ba ta narkewa idan an yayyafa mata ruwa za a yi bandashe.

Wannan ƙarfin ne kuma ke zama matsala a cincin, kek da fatar samosa ko mitfai. Cincin ɗin da ya yi tauri har yana neman karya haƙori, murza ce ta yi masa yawa. A fara murtsuke bota giram 150 cikin kilo ɗaya na garin har ya koma kamar tsaki, domin mai yana rufe garin ya hana danƙo haɗuwa, sannan a zuba ƙwai biyu da madara, a tattara kawai, a bar shi ya huta minti goma sha biyar kafin a murza da muciya ko kwalba. Idan ana miƙa shi yana komawa baya, hutu yake nema. Mitfai yana son bota mai sanyi, rabin nauyin fulawar, da ruwan sanyi kaɗan. A kek, a cire cokali biyu daga kowane kofi a maye da garin sitacin masara, a tankaɗe sau biyu, kuma da zarar garin ya ɓace cikin haɗin a daina juyawa. Da haka za a samu laushi, ko da yake mai sana'ar kek gara ta nemi nau'in da aka yi don hakan.

Funkaso da alkaki kuwa a bar wa alkamar gida aikinta. Farar fulawa an cire mata dusa da ƙwayar tsiro, ba za ta ba da wannan ƙamshi ba.

Wajen saye, rufaffen buhu ko leda ya fi na awo, domin a kai ne ake ganin ranar ƙarewa da alamar ido mai nuna an ƙara sinadarin bitamin A. Garin da ke buɗe a faranti ba a san kwanansa ba, wani lokaci ma an gauraya shi da wani. A shinshina: mai kyau ba ta da wari, tsohuwa tana warin tsohon mai ko na ruma. A damƙa a hannu. Idan ta dunƙule ta ƙi wargajewa, ta sha danshi. A gida a ɗora buhun kan katako, nesa da bango da kalanzir da sabulu, don fulawa na jan wari. Da damina a juye ta cikin bokiti mai murfi, a sayi abin da zai ƙare cikin wata biyu, a kuma tankaɗe kafin kowane kwaɓi saboda ƙwari.