Na gyara haƙorana ina da hawan jini: yadda aikin ya kasance

Shekara tara ke nan ina shan maganin hawan jini, amlodifin ƙwaya ɗaya kowace safiya. Da aka sa ranar auren 'yata ta biyu sai na ce bari in duba bakina kafin biki. Haƙorin Makkan da na sa a aikin Hajjin 2012 ya fara girgiɗi, haƙorina na gaba gefensa ya ɓantare tun ranar da na ciji ƙashi, ga kuma jan goro na shekara da shekaru. Ƙawayena biyu suka ce kada in kuskura, wai allurar likitan haƙori tana jawo wa mai hawan jini shanyewar ɓarin jiki. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa nake rubuta wannan don masu irin lalurata.

Wurin da na fara zuwa wani shagon gyaran haƙori ne da na gani a Instagram. Suka nuna mini hotuna, suka faɗi kuɗi, suka ce in zauna a fara a ranar. Ba wanda ya tambaye ni ko ina da wata cuta. Da na ce ina da hawan jini, yaron ya ce, "Ba komai Hajiya, ai aikin kwalliya ne kawai." Na ɗauki jakata na fito.

Na biyun asibitin haƙori ne mai zaman kansa a nan Kano, kuma a kansa sharhin nan yake. Kafin likita ya leƙa bakina sai da nas ta rubuta duk magungunan da nake sha, ta ɗaura mini abin awo a hannu. Ya nuna 186 bisa 112. A gaskiya ban sha maganina ba a safiyar, don maƙwabciyata ta ce ba a shan magani in za a yi allura, ga tsoro ya hana ni barci. Suka bar ni na huta minti goma, aka sake awo, 182 bisa 110. Likita ya ajiye kayansa ya ce, "Hajiya, yau ba za mu taɓa ki ba. Daga 180 bisa 110 ba ma yin aikin da ba na gaggawa ba. Ki koma wurin likitanki, kuma ranar da za ki dawo ki karya kumallo, ki sha maganinki kamar kullum." Raina ya ɓaci sosai, saura sati bakwai biki, na baro aiki, na sha cunkoso. Yanzu kuwa in aka tambaye ni abin da ya fi burge ni da wurin, wannan korar da aka yi mini nake faɗa.

A ranar ya dai duba bakin da ɗan madubi, ya nuna mini abin da ban taɓa alaƙantawa da hawan jini ba. Dasashina ya kumbura yana hawa tsakanin haƙora, ko asuwaki na yi sai jini. Ya ce amlodifin da nifedifin suna sa wa wasu mutane haka, kuma dattin da ke taruwa a gindin haƙori yana ƙara shi. Bai ce in daina maganin ba, ya ce wannan ba huruminsa ba ne. Takarda ya rubuta wa likitan da ke duba ni. Likitan hawan jinin kuma ya ƙara mini wani magani a kan na da, ya ce kumburin bai kai a canza amlodifin ba in dai za a kula da tsafta. Bayan sati biyu na koma da 138 bisa 86.

Wankin haƙori aka fara yi, babu allura, sai tsami-tsami da ƙarar injin. Rabin jan goron ya tafi a nan. Da dasashi ya lafa aka zo kan haƙorin Makka. Ashe kwanso ne aka ƙwama a kan haƙorina, abinci yana shiga ta ƙasa, haƙorin ya ruɓe a ɓoye. Nan ne allura ta zama dole.

Kafin ya yi ta ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma bayanin ya cire mini rabin fargaba. Allurar kashe wurin, lidoken, ana haɗa ta da ɗan adiranalin wanda ke tsuke jijiyoyin jinin wurin, don maganin ya daɗe yana aiki kuma jini ya ragu. Adiranalin ɗin nan shi ne tushen maganar da ƙawayena suka ji, don yana iya sa zuciya gudu. Amma ya ce in aka cire shi wurin bai mutu sosai ba, zafi da tsoro za su sa jikin mutum ya saki nasa adiranalin wanda ya fi na allurar yawa. Don haka ga mai irin lalurata ana taƙaitawa ne, ba ya wuce ƙananan kwalabe biyu a zama ɗaya. Ni ɗaya da rabi ta ishe ni. Ya soka a hankali, ya ɗan ja baya ya tabbatar bai shiga jijiyar jini ba, sannan ya tura kaɗan-kaɗan. Duk da haka na ji ƙirjina yana dukan uku-uku, yatsuna suna rawa. Na ɗaga hannu kamar yadda muka yi da shi, ya tsaya. Nas ta sake awo, 150 bisa 90, muka jira, cikin minti biyar abin ya wuce. Har zaren da ake cusawa gefen dasashi kafin a ɗauki awon haƙori, ya ce akwai wanda ake jiƙawa da adiranalin, ni marar shi ya sa mini.

Da aka gama na yunƙura zan miƙe, nas ta dafa kafaɗata. "Hajiya, zauna tukuna." Da gaskiyarta, ina zama na ji jiri. Mai shan maganin hawan jini in ya daɗe a kwance ya miƙe farat ɗaya, jininsa yakan yi ƙasa.

Haƙorin gaba bai ba da wahala ba. Farin ciko mai kalar haƙori ya ɗora, ya busar da shi da wata shuɗiyar fitila, ya goge. Ya tambaye ni ko ya rufe mini wushirya tunda ana kan aikin, na ce a'a, gadon mahaifiyata ce. Bai matsa ba. Da na nemi a shafa mini maganin da ke sa haƙori fari tas, shi ya ce in bari sai dasashi ya gama warkewa. Wannan ma na yaba, don kuɗi ne ya bari ya wuce shi.

Akwai inda suka gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba ce. Ranar da aka sa mini haƙorin wucin gadi a wurin na Makka, kafin a haɗa sabon, likitan haƙorin ya fita da wuri, wani ya rubuta mini maganin zafi bai buɗe fayil ɗina ba. Dikulofenak ne. Kwana uku ina sha, awon da nake yi a gida ya koma 160 bisa 98, ƙafafuna suka ɗan kumbura. Da na kira, likitana ya ce in daina nan take, ya ba ni haƙuri, ya ce dikulofenak da ibufurofen suna ɗaga jini kuma suna rage wa maganin hawan jini ƙarfi, farasitamol ya kamata a ba ni. Bayan kwana huɗu awon ya sauka. Na karɓi haƙurin, amma asibitin da ya san ya auna ni sau uku a zama ɗaya bai kamata takardar magani ta fita a cikinsa ba a duba ba. Na faɗa wa manajansu haka baki da baki. Banda wannan, jira yana da yawa, an ba ni ƙarfe tara ban shiga ba sai sha ɗaya, alhali su suka ce zaman safe ya fi dacewa da ni. Haƙorin wucin gadin ma ya cire sau ɗaya ina cin tuwo, suka mayar ba su karɓi ko kwabo ba.

Kuɗin gaba ɗaya ya kusa albashina na wata guda, zuwa biyar cikin sati biyar. Sabon haƙorin na tangaran ya zauna daram, kalarsa ta saje da sauran, har 'yata sai da ta ce, "Umma, wanne ne ma aka canza?" Zan koma wurin, kuma na riga na tura yayata mai hawan jini da ciwon suga, na ce ta tafi da kwalayen magungunanta a jaka, kuma duk takardar maganin da aka ba ta ta nuna wa likitan da ya yi mata aikin kafin ta saya. Ni wata shida ya ba ni in dawo wankin haƙori saboda dasashin, na rubuta ranar a bayan katin da nake karɓar magani da shi.