Gargaɗi kan dillalan makamai da kuɗin yaƙin Yukren

Hiribniya, wato kuɗin Yukren, kusan biliyan 1.5. Dala miliyan 40 ke nan, kuma ko harsashi ɗaya bai iso ba!

A watan Agustan 2022 ma'aikatar tsaron Yukren ta ba kamfanin Lviv Arsenal kwangilar harsasan ƙaramar igwa guda 100,000. Ba kafin alƙalami aka bayar ba, kuɗin aka zube gaba ɗaya kafin a ga kaya. Nan ne raina yake ɓaci. Wani ya zauna, ya duba takarda, ya sa hannu. Ya sa hannu a kan dala miliyan 40 bai ga ko akwati ba. Wa ya je rumbun ya ƙirga? Wa ya nemi banki ya tsaya wa kamfanin?

Sai Janairun 2024 hukumar tsaron cikin gida ta Yukren, SBU, ta fasa ƙwai. Ta ce an tura wani kaso waje, daga nan ya zarce asusun wani kamfani a yankin Balkan. Mutum biyar ake zargi, an kama ɗaya yana shirin tsallaka iyaka. 

Kuma kar wanda ya kira mu wawaye, mu da ke cewa a zuba kuɗi a masana'antun Yukren. Denmak ta biya kuɗin manyan igwa 18 ƙirar Bohdana, aka ƙera su a cikin ƙasar, suka isa hannun soja a 2024. Me ya bambanta? Jami'an Denmak sun tantance masana'antar da kwangilar, babu ɗan tsakiya. Amma ko masana'anta ba a sakar mata mara: a ƙarshen 2024 sojoji sun koka da harsasai masu milimita 120 ƙirar gida da ba sa tashi daidai, har aka janye su. Wancan na 2022 kuwa ko lalataccen ba a gani ba. Lokacin watanni shida kacal da fara yaƙin, ana neman harsashi ido rufe, dillali ya san haka.

Mai ba da kuɗi ya biya kashi-kashi, ya gwada kaya kafin cikon, ya san mai kamfanin na ainihi. Kai kuma in an turo maka tallan hannun jarin masana'antar jirgi maras matuƙi a Telegram, toshe lambar. Gudummawa tana da ƙofarta, United24, dandalin tara gudummawa na gwamnatin Yukren.

Harsasai 100,000, jama'a. An biya duka.