Bakan gida ko na oda, wanne ya fi sauƙi a aljihu?

Ɗan'uwa da ka yi tambaya jiya da daddare cewa kana son fara koyon harbi da kwari da baka amma aljihun ba nauyi, wai ka nemi irin na maharbanmu ko ka yi odar na faiba ɗin nan (wani abu ne mai kama da roba, mai ƙarfi da lanƙwasa) samfurin Turkiyya da ake gani a bidiyo, toh duka biyun na riƙe, bari in faɗa maka abin da na gani.

Ka fara sanin cewa ba baka ne ke cin kuɗi ba, kibau ne. Baka sau ɗaya za ka saya, kibiya kuwa yau ta karye gobe ta shige ciyawa ka neme ta har magariba baka ganta ba, musamman watannin farko da hannu bai zauna ba.

Na gida a nan yake da daɗi. Bakan na gora ne ko itace mai lanƙwasa irin dargaza, tsirkiya fata ce aka murɗa, jikin kibiya kyauro, maƙeri ya ƙera maka kan a ɗaure da jijiya, ko gashin tsuntsu ba a sa mata. In ta karye ka zare ƙarfen ka soka a wani kyauron shikenan, asararka ba ta wuce kara ɗaya ba. Amma ka ce wa maƙerin kar ya yi mata kunne, don mai kunne in ta shiga buhu sai ka yaga shi kafin ta fito, kuma don Allah kar ka sayi tsofaffin kibau a hannun mafarauci don ka ga araha, wasu da dafi a jikinsu. Matsalar na gida ita ce ba wanda zai gaya maka ƙarfin bakan, sai dai ka ja ka ji, kibau goma kuma kowacce da nauyinta, sai ka yi harbi biyu iri ɗaya su faɗi wuri daban ka rasa laifinka ne ko nata. Da damina tsirkiya ta sha laima ta saki, da hunturu itacen ya bushe, sai kana shafa masa mai.

Na oda kuma ranar farko ce mai zafi, ga dala ga kuɗin kawowa, wani lokacin kuɗin jirgin ya kusa kamo na bakan saboda tsawonsa. Bayan nan faiba ba ruwansa da damina, kuma an rubuta ƙarfinsa a jiki. Ka ɗauki mai ƙarfin ja fam 25 zuwa 30 (fam na awon nauyi, ba na kuɗi ba), kar zuciya ta ɗebe ka ka sayi 50 wai kai namiji, kafaɗa za ta hana ka barci ka dawo kana neman mai saye a rabin kuɗi, na ga wanda ya yi haka. Kibiyar oda ta kabon, wani abu mai tauri mara nauyi, tana jure wahala sosai kuma dozin ɗaya duk nauyinsu ɗaya, sai dai dole taurinta ya dace da ƙarfin bakanka, in kuma ta tsage yar da ita ake yi ba gyara, don tana iya fashewa ta shige maka hannu.

Sauran tarkacen kam kar ka yarda ka yi odarsu ko wanne ka zaɓa. Kwari, fatar da ake ɗaurawa a damtse da ta yatsu, ka nuna wa baduku hoto zai ɗinka maka da guntayen fata. Abin da za ka riƙa aunawa kana harbi kuma, buhun shinkafa ka cusa tsummokara da ledoji ka danna sosai. Tsirkiyar oda kakin zuma kawai take so.

Ni da zan sake farawa da ɗan kuɗi, na gida zan riƙe wata biyu ko uku in ga ko abin zai zauna min, in ya zauna sannan in tara in yi odar faiba mara nauyi da kibau shida. In ya iso ka riƙa kwance tsirkiya bayan ka gama, kar ka bar shi cikin mota a zafin Afrilu, kuma ka ɓoye shi daga yaran gida, don ja ɗaya su saki ba kibiya a kai ya isa ya tsaga shi.