Canva a Hannun Mai Sana'ar Yaji: Abin da Na Gani Bayan Wata 8

Shekara 4 na yi ina dakan yaji ina sayarwa a cikin gida a Kano, kuma a duk tsawon wannan lokaci robobina ba su da wata alama face ɗan farin salatif da nake mannawa a murfi, in rubuta "na ƙuli" ko "na daddawa" da biro. Masu saye sun san ni, sun san hannuna, don haka abin bai taɓa damuna ba, sai ranar da wata mai shagon kayan masarufi ta karɓi roba 12 ta jera a shagonta, bayan mako 2 ta dawo mini da 9. Ta ce mutane suna ɗauka su jujjuya su mayar, domin ba su ga suna ba, ba su ga lambar waya ba, ba su kuma san abin da aka zuba a ciki ba. A daren nan na yanke shawarar cewa zan yi wa yajina sitika da hoton talla, kuma da kaina zan zana su, saboda ribar roba ɗaya ba ta kai in riƙa biyan mai zane duk lokacin da farashi ya motsa ba. Ƙanwata ce ta sauke mini Canva a waya, kuma da ita nake aiki tun daga lokacin.

Canva manhajar zane ce ta wani kamfanin ƙasar Ostireliya da ya fara aiki a shekarar 2013, wanda Melanie Perkins da Cliff Obrecht da Cameron Adams suka kafa. Ana amfani da ita a waya ko a kwamfuta, tana da ɓangaren kyauta da kuma na biya wanda ake kira Canva Pro. Duk abin da zan faɗa a nan game da na kyauta ne, domin shi na yi amfani da shi.

Abin da ya fara burge ni shi ne rashin wahalar farawa. Mutum yana zaɓen girman abin da yake so ya zana, sai ta kawo masa samfura da aka riga aka tsara, ya taɓa rubutu ya canza shi, ya ja hoto da yatsa ya ajiye inda ya ga dama. A yini na farko na gama hoton da zan sa a status na WhatsApp, wanda girmansa 1080 a faɗi ne da 1920 a tsaye, kuma ya cika fuskar waya ba tare da an yanke gefensa ba. Amma amfaninta na gaske bai bayyana mini ba sai da damina ta shigo, barkono ya yi tsada a kasuwa kamar yadda ya saba, dole ta sa na ƙara kuɗin roba. Na buɗe tsohon zanen, na goge farashi na rubuta sabo, na sauke na sa a status kafin ruwan shayi ya tafasa. Duk wanda yake sana'ar da kuɗin kayanta ke hawa da sauka tsakanin kaka da bazara zai gane darajar wannan, domin zanen yana nan a ajiye a asusunka, ba a kwamfutar wani da sai ka yi ta kira kana roƙo ba.

Samfuran nan kuwa, waɗanda su ne suke jawo mutum da farko, su ne kuma tarkon da ya kamata a yi hattara da shi. Na zaɓi wani mai kyau, ja da ruwan ɗorawa, na yi ta murna, kwana 3 bayan haka na ga shi sak a status ɗin wata mai sayar da zoɓo, sannan na sake ganinsa a tallan wani mai gyaran waya. Ba laifin kowa ba ne, tunda abin da yake saman jeri shi kowa yake fara taɓawa. Hotunan da ke cikin rumbunta ma sai da Turanci ake lalubo su da kyau, kuma barkonon da za ta nuna maka galibi dogo ne mai sheƙi irin na wasu ƙasashe, bai yi kama da ɗan ƙaramin busasshen barkonon da muke aunowa a kwano ba, balle a yi zancen kimba ko masoro. Mafita ita ce na daina dogara da hotunanta. Na shimfiɗa faifai kusa da taga da hantsi, lokacin da haske yake da yawa amma rana ba ta faɗo kai tsaye ba, na zuba citta da kanumfari da tafarnuwa da ƙuli-ƙuli a gefe guda, na ajiye buɗaɗɗiyar roba a tsakiya da bakin turmi yana leƙowa daga baya, na ɗauka da wayata. Wannan hoton shi ne a kan komai nawa yanzu, kuma da na fara zane daga farar takarda maimakon samfuri, sai tallana ya daina kama da na kowa. Sai dai a lura da ɗan kambin da ake sa wa wasu hotuna da zanuka, alama ce ta cewa na masu biya ne, kuma idan aka yi amfani da su a ɓangaren kyauta za su fito da layuka a kansu har sai an biya.

Inda na fi daɗewa, kuma inda nake ganin duk mai rubuta talla da Hausa zai yi tuntuɓe, shi ne wajen haruffa masu ƙugiya. Na sa allon rubutun Hausa na Gboard a wayata, saboda haka ɓ da ɗ da ƙ suna fita daidai idan na danna. Matsalar ita ce ba kowane salon rubutu ne aka zana masa waɗannan haruffa ba, musamman masu ado irin na rubutun hannu, waɗanda su ne ido ya fi so a kan sitika. Na rubuta "Yajin ƙuli mai ɗanɗano" da wani salo mai lanƙwasa, ban lura da kyau ba a ƙaramar fuskar waya, sai da na zuƙo hoton na ga ƙ ɗin da ɗ ɗin sun fito da wata siffa dabam, sirara a tsakiyar haruffa masu kauri, kamar baƙi a tsakar gidan biki. Da yawa daga cikin masu talla suna kauce wa wannan ta hanyar zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, su rubuta "kuli" da "dandano", kuma mai karatu zai gane. Ni dai ban yarda da hakan a kan kayana ba, domin wanda ya san bambancin baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, zai ga alamar sakaci a rubutun, kuma ba na son a fara zargin mai abinci da sakaci tun daga murfin roba. Abin da na yi shi ne na buɗe fili guda na rubuta "ɓarawo ɗan ƙauye" da manya da ƙananan baƙaƙe, na bi salon rubutu ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa, na rubuta sunayen waɗanda suka ci jarrabawa a bayan littafin bashi. Dangin Noto, wanda Google ya yi domin ya ɗauki haruffan harsuna masu yawa, bai ba ni kunya ba. Ba shi da ƙawa sosai, amma ana karanta shi daga nesa, kuma sitikar da za ta zauna a kan kanta cikin kaya iri-iri ta fi bukatar haka.

Darasi na biyu a shagon buga takardu na koye shi. Na kai zanen a matsayin hoto da na tura wa kaina ta WhatsApp, mai shagon ya buɗe a kwamfutarsa ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, wannan in na buga miki, rubutun ƙasan nan ba zai karantu ba, WhatsApp ya riga ya matse shi." Ya nuna mini cewa in sauke shi a matsayin PDF na bugawa, in kuma zaɓi a sa alamun yanka da rarar gefe, wato kusan milimita 3 da launi zai wuce iyakar sitikar, domin idan wuƙa ta ɗan kauce kada farin layi ya bayyana. Duka biyun suna nan a ɓangaren kyauta, ni ce ban san amfaninsu ba. Na ce, "Malam, to jan fa, zai fito kamar yadda yake a wayata?" Ya ce ba zai fito ba, domin waya da haske take haɗa launi, inji kuma da tawada huɗu, tsarin da suke kira CMYK, kuma ja mai ƙyalli yakan ɗan dushe a takarda. Sauke zane a wannan tsari na masu biya ne a Canva, amma ba lallai ba ne, tunda mai bugawa yana iya juya shi a wurinsa. Abin da ya zama dole shi ne a buga gwaji guda kafin a ba da umarnin buga da yawa. Ban yi haka ba a karon farko saboda gaggawa, na karɓi sitika 200 waɗanda jansu ya koma kamar na busasshen tattasai, na yi ta manna su a haka har suka ƙare.

Game da ko ya dace a biya kuɗin Pro, ra'ayina shi ne mai ƙaramar sana'a kada ya yi sauri. Abubuwan da aka kulle waɗanda na ji rashinsu su ne goge bayan hoto da taɓawa ɗaya, da sauke tambari ba tare da farin fili a bayansa ba, da juya zane guda zuwa girma dabam-dabam kai tsaye, da kuma shigo da salon rubutu daga waje, wanda da zai warware matsalar ƙugiya tun daga tushe. Na farko na kauce masa da ɗaukar hoto a kan wuri mai tsabta, na uku kuma da haƙurin sake jerawa da hannu. Wanda yake yi wa mutane zane yana karɓar kuɗi, biyan zai fitar da kansa, amma mai kaya iri 3 kamar ni, kuɗin ya fi amfani a buhun barkono. Ya kamata kuma a san cewa aikin yana tafiya da intanet, yana cin data idan ana yawan buɗe samfura masu bidiyo, kuma daidaita ƙananan rubutu da yatsa a waya yana gajiyar da ido, har ya sa nakan ari kwamfutar ƙanwata idan zan yi aikin da za a buga.

Akwai abin da manhaja ba za ta gaya maka ba. Za ta bar ka ka rubuta duk abin da ka ga dama a kan sitika, amma abincin da aka ƙulla domin sayarwa a shaguna yana ƙarƙashin dokokin hukumar NAFDAC, sunan kasuwanci kuma a hukumar CAC ake yi masa rajista, kuma sauƙin zane ba hujja ba ne na ƙaga lambar rajistar da ba a ba ka ba. Ni a tawa na rubuta kayan haɗi gaba ɗaya, na fito da kalmar gyaɗa ɓaro-ɓaro saboda masu rashin jituwa da ita, na bar fili na rubuta ranar daka da hannu.

Hotunan da na zana su ne na jera a katalog ɗin WhatsApp Business, kowane da farashinsa, don haka yanzu idan aka tambaye ni "me da me kike da shi", mahaɗi ɗaya nake turawa maimakon in yi ta bayani. Mai shagon kayan masarufin nan na koma mata da roba 12 masu sitika, ba ta dawo mini da ko ɗaya ba, sai dai ta kira ta ce lambar wayar ta yi ƙanƙanta, tsofaffi suna miƙo mata roba ta karanta musu. Na ƙara mata girma, na kuma sauya jan zuwa mai ɗan haske, kuma gwajin bugu na biyu yana wurin mai shagon buga takardu, ranar Asabar zan je in duba shi.