Mutum a kan waya: fim ɗin da ya hana ni da ƙanena barci

Daren Juma'a ne, an ɗauke wuta, sauran cajin kwamfutata bai wuce na sa'o'i biyu ba. Ƙanena ya shigo ɗakin don ya karɓi tocila kawai. Maƙerin walda ne, rabin aikinsa a sama yake yinsa, wajen ɗora tankunan ruwa da haɗa ƙarafan rufin gini. Ya leƙa allon, ya ga wani siririn Bature sanye da baƙaƙen kaya kwance a kan wayar ƙarfe, ƙarƙashinsa babu komai sai hazo, sai ya ce, "Yaya, wannan haɗin kwamfuta ne ko?" Na ce masa ba haɗi ba ne, hoto ne na 1974. Ya ajiye tocilar ya zauna a bakin katifa, na mayar da fim ɗin farko, bai tashi ba sai da aka gama.

Sunan fim ɗin Man on Wire, wato mutum a kan waya, kuma daga rahoton da 'yan sanda suka rubuta ranar da abin ya faru aka ciro sunan. Fim ne na gaskiya, James Marsh ne ya ba da umarninsa, ya fito a 2008, tsawonsa minti 94. Labarin Philippe Petit ne, Bafaranshen da ya ɗaura igiyar ƙarfe tsakanin tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke New York ba da izinin kowa ba, ya taka ta da safiyar 7 ga Agusta, 1974. Benayen hawa 110 ne kowannensu. Daga wayar zuwa ƙasa ya haura mita 400, babu raga, babu ɗamarar tsaro a ƙugunsa. Shekarunsa 24 a lokacin.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda fim ɗin ke sa tsikar jiki tashi alhali mai kallo ya san ƙarshen labari tun daga minti na farko. Ga Petit nan zaune a gaban kyamara, ya doshi sittin, yana ba da labari da hannu da ƙafa, yana tashi yana ɓuya bayan labule don ya nuna yadda suka yi. Rayayye ne, lafiyarsa lau. Duk da haka tafin hannuna ya jiƙe. Dabarar Marsh ita ce ya gina labarin kamar na 'yan fashin banki: mota cike da kaya ta shiga ƙasan bene, katin shaida na bogi, kayan ma'aikata, da wani na ciki mai suna Barry Greenhouse da ke aiki a hawa na 82 yana ba su hanya. Su kansu Petit da abokansa da sunan "le coup" suke kiran shirin, kalmar da Faransawa ke faɗa wa babban aikin da aka ƙulla a ɓoye.

Asalin abin a ɗakin jiran likitan haƙori ya fara, a 1968. Petit bai kai shekara ashirin ba, haƙori na damunsa, ya ɗauki jarida ya ga zanen wasu benaye biyu da za a gina a Amurka. Ko tashi ba su yi ba. Ya yage shafin ya fice, bai ma tsaya ganin likitan ba. Daga nan zuwa ranar da ya taka wayar shekara 6 ne. A tsakani ya yi tafiya a kan waya tsakanin hasumiyoyin cocin Notre-Dame a Paris a 1971, sannan a kan gadar tashar jiragen ruwa ta Sydney a Ostireliya a 1973. Duka biyun an kama shi. Fim ɗin ya nuna su da hotunan lokacin, bai daɗe a kansu ba, kuma daidai ne, don share fage ne kawai.

Inda ya daɗe shi ne wajen shiri, kuma nan ne ƙanena ya gyara zama. Tambayarsa ta farko ita ce wadda duk mai aikin ƙarfe zai yi: "To ta ina suka tsallakar da wayar?" Nauyinta ya kai kilo 200, tazarar benayen ta ɗan haura mita 40. Ba a jifa da irin wannan. Amsar da suka samo ta sa shi dariyar jin daɗi: baka da kibiya. Abokin Petit na ƙuruciya, Jean-Louis Blondeau, shi ya tsaya a rufin benen arewa ya harba kibiya ɗaure da zaren kamun kifi zuwa benen kudu. Da zaren aka jawo igiya siririya, da ita aka jawo mai kauri, a haka har aka kai ga ta ƙarfen. Cikin duhu Petit ya nemi kibiyar ya rasa, har ya tuɓe kayansa yana zagaya rufin ko fatarsa za ta ji shafar zaren. A can bakin gini ya same ta, iska kaɗan ta isa ta tura ta ƙasa.

Sai kuma maganar lilo. Waya mai wannan tsawo tana juyi tana kaɗawa, benayen kansu an gina su ne yadda za su ɗan yi rangaji idan iska ta buso. Masu wannan sana'a suna ɗaure wayar da wasu ƙananan igiyoyi da ake kira cavaletti, waɗanda a al'ada ƙasa ake kafe su. A nan ƙasa ta yi nisa, dole a jikin rufin benayen aka san yadda aka ɗaure su. Ƙanena ya sa na tsayar da fim ɗin a kan zanen, ya kai fuskarsa kusa da allo yana bin layukan da yatsa. Ya ce, "Wannan mutumin ba mahaukaci ba ne, Yaya. Mahaukaci ba ya lissafin iska."

Na jima ina juya wannan magana, domin ni da ganganci na fara kallon abin. Mun taso ana ja mana kunne kada mutum ya jefa kansa cikin halaka, kuma har yanzu ba zan ce wa ɗan kowa ya kwaikwayi Petit ba. Amma fim ɗin ya tilasta mini na ga yawan aikin da ke ƙarƙashin minti 45 ɗin da ya yi a kan wayar. Ya yi ta zuwa New York yana leƙen benayen. Ya ɗauki hayar jirgi mai saukar ungulu don ɗaukar hoton rufin. Ya yi shigar ɗan jaridar wata mujallar gine-gine ta Faransa ya hau sama da sunan hira da leburori, idonsa kuwa na kan inda zai ɗaure waya. Da ƙusa ta soke shi a ƙafa ya koma tafiya da sandunan dogarawa, sai ya lura masu gadi sun daina tambayarsa takarda, buɗe masa ƙofa ma suke yi. A wani fili a ƙauyen Faransa ya kafa waya mai irin tsawon, ya sa abokansa suna rataya a jiki suna jijjiga ta iya ƙarfinsu yana kai. Waɗannan hotunan na filin, masu launi, su ne suka fi shiga raina a fim ɗin gaba ɗaya. Samari ne da budurwa ɗaya, Annie Allix, masoyiyar Petit, suna birgima a ciyawa, suna gardama a kan takarda, suna dariya. Ka san akwai ranar da wannan dariyar za ta ƙare, su ba su sani ba.

Daren aikin kansa duk abin da zai iya lalacewa sai da ya taɓa lalacewa. Mai gadi ya ɓullo, Petit da abokin aikinsa Jean-François Heckel suka shige ƙarƙashin tamfol suka zauna a kan ƙarfe guda na sa'o'i, ba motsi, ba tari. Wani Ba'amurke cikin tawagar ya janye tun kafin a yi nisa. Da aka zo jan wayar sai ta suɓuce ta zube cikin ramin da ke tsakanin benayen, nauyinta duka ya koma hannun waɗanda ke benen arewa. Abokin aikin Jean-Louis ya sare ya ce ba za ta yiwu ba. Jean-Louis ya ci gaba da ja har gari ya waye. Wannan wurin ne ya juya mini fim ɗin. Sunan Petit ne a jaridu, amma wanda ya ɗauki kibiya, ya ja ƙarfe dare guda, ya kuma san cewa in abokinsa ya faɗo da hannunsa a ciki, shi ne Jean-Louis.

Babu hoton bidiyo na tafiyar kanta. Da na ji haka na ɗauka fim ɗin zai rushe a daidai inda ake jiransa. Sai ga hotuna marasa motsi suna bin juna a hankali, da sautin fiyano na Erik Satie a ƙasa-ƙasa. Jim kaɗan bayan ƙarfe 7 na safe Petit ya ɗora ƙafa, riƙe da sanda mai tsawon mita 8 da nauyin kilo 25. Sau 8 ya tsallaka. Ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya ya yi gaisuwa. Ya kwanta rigingine. A ƙasa Annie na nuna wa masu wucewa sama. Wani sajan na 'yan sanda, Charles Daniels, wanda aka tura ya sauko da shi, ya gaya wa 'yan jarida a ranar cewa shi ba zai kira abin da ya gani tafiya ba, rawa ce. A fuskarsa kana ganin mutumin da ya zo kama mai laifi ya tarar da abin da ya san ba zai sake gani ba. A ɗakinmu ba wanda ya yi magana. Fankar kwamfutar kawai ake ji.

Jean-Louis ya ba da labarin lokacin da ya hango fuskar abokinsa ta saki, murmushi ya bayyana, ya gane cewa wayar ta zauna daidai. Yana cikin faɗa sai muryarsa ta karye, ya rufe fuska. Fiye da shekara 30 da faruwar abin.

Bayan saukowa an sa wa Petit ankwa, an kai shi likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi, 'yan jarida na bin sa da tambaya guda: don me? Ya ce musu babu wani dalili. An janye tuhumar bisa sharaɗin ya yi wa yara wasa kyauta a lambun Central Park, hukumar benayen kuma ta ba shi katin hawa saman ginin na har abada. Jean-François kuwa korarsa aka yi daga Amurka. Nan ne nake jinjina wa Marsh, don bai wanke gwarzonsa ba. Petit da bakinsa ya faɗi cewa yana fitowa daga hannun hukuma ya bi wata mace da bai sani ba, Annie da abokansa na can suna jiransa. Zumuncinsa da Jean-Louis bai koma yadda yake ba, soyayyarsa da Annie ta mutu. Annie ta faɗi nata ɓangaren ba tare da ɗaci ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo a kan da ta zage shi. Na fito daga fim ɗin ina mamakin Petit, amma Jean-Louis da Annie nake ƙauna.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Wuraren da aka sa 'yan wasa suka kwaikwayi daren, cikin baƙi da fari, wani lokaci suna cakuɗewa da hotunan asali har sai ka tsaya tantancewa, kuma a fim ɗin gaskiya ina son na san wanne ne wanne. Wurin matar nan da na ambata an shirya shi da sigar barkwanci, da tsiraici a ciki, abin bai dace da nauyin cin amanar ba. Mai niyyar kallo da iyali ya san da wannan, yana dab da ƙarshe, a tsallake shi ba a rasa komai. Sannan wasu daga cikin masu magana da Faransanci suke yi, sai an bi rubutun Turanci a ƙasan allo, wanda a waya ƙarama zai wahalar da ido. Ni na riƙa fassara wa ƙanena, muna tsayarwa muna ci gaba.

Abu guda da fim ɗin bai taɓa furtawa ba shi ne 11 ga Satumba, 2001, ranar da aka kai wa benayen hari suka rushe. Ko sau ɗaya. Da farko na zaci gibi ne. Amma a farkon fim ɗin ana nuna hotunan ginin benayen, ƙaton rami, ƙarafa tsirara, ma'aikata da hulunan kwano, kuma duk wanda ya ga hotunan ɓaraguzan 2001 zai ji cikinsa ya juya, don kamar su ɗaya, sai dai a nan sama ake yi. Mu da yawa a nan ba mu san benayen nan ba sai ranar da muka ga suna ci da wuta a talabijin. Wannan ne karo na farko da na gan su a matsayin wurin da wani ya ƙaunata tun suna zane a takarda.

Fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta fim ɗin gaskiya a 2009, inda Petit ya hau dandamali ya tsayar da mutum-mutumin kyautar a kan haɓarsa, ya kuma ci kyautar BAFTA a Ingila a shekarar. A 2015 Robert Zemeckis ya yi fim ɗin 'yan wasa a kan labarin mai suna The Walk, wanda ya ƙirƙiri tafiyar da kwamfuta. Wanda zai kalli ɗaya kawai, na 2008 nake ba shi shawara, saboda a cikinsa ne mutanen da suka ja wayar suke magana da bakinsu.

Saura kashi 4 cikin ɗari na caji lokacin da sunaye suka fara hawa. Ƙanena bai ce ya yi kyau ba, bai ce bai yi ba. Ya ɗauki tocilarsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, in an kawo wuta ka mayar mini wurin da abokin nan yake jan wayar shi kaɗai."