Ubuntu 24.04 a Gefen Windows: Aikinsa Na Kyau, Amma Sai an Share Masa Fage

Tun da Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu laftof ɗin gwanjo suka shiga tsaka mai wuya. Irin su HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, waɗanda suka cika hannun ɗaliban jami'ar ATBU ta Bauchi a Yelwa da Gubi da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwallameji, zubi na 6 ne na Intel, Windows 11 kuwa daga zubi na 8 yake karɓa a hukumance. Ga kuma masu koyon rubuta manhaja da ake ce musu lallai su san Linux. Shi ya sa ake yawan zuwa shagunan gyara na wajen Wunti da buƙata ɗaya: a saka Ubuntu, wanda wani nau'in Linux ne, amma kada a taɓa Windows.

Ubuntu 24.04 LTS ya fito a Afrilun 2024, kuma kamfanin Canonical zai ci gaba da aiko masa gyaran tsaro kyauta har 2029. Hukuncina a kansa shi ne ya iya zaman tare. Manhajar da ke girka shi tana gane Windows da kanta, ta ba ka zaɓin "Install Ubuntu alongside Windows Boot Manager", idan an gama kuma duk kunnawa sai allon GRUB ya fito ya tambaye ka wanne za ka shiga. Inda ake yin asara, kusan kullum ba a ɓangaren Ubuntu ba ne. Shirin da ya kamata a yi a cikin Windows ne ake tsallakewa.

Kayan aiki ba su da yawa: filashi mai giga 8, manhajar Rufus mai ɗora Ubuntu a filashin, da wani rumbu na waje da za a kwashe takardu da hotuna a ciki kafin a taɓa komai. Fayil ɗin Ubuntu ya kusa giga 6, wannan kuwa aibi ne a wurinmu da data ke da tsada. Gara a karɓa a wajen wanda ya riga ya sauke. Sannan batir ya cika, ko a tayar da janareta. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka rumbu, batir kuma ya mutu, ana iya rasa Windows da Ubuntu duka.

Abu na farko, buɗe msinfo32 a cikin Windows ka duba layin BIOS Mode, wato hanyar da kwamfutar ke bi ta tashi. In ya ce UEFI, to a Rufus tsarin rumbu na GPT za ka zaɓa, filashin ma ta hanyar UEFI za ka tayar da shi. In ya ce Legacy, MBR ne. Girka Ubuntu ta wata hanya daban da ta Windows shi ne babban dalilin da ake gama girkawa GRUB ya ƙi nuna Windows. MBR yana da wata matsalar: manyan yankuna huɗu kawai yake ɗauka, kuma tsofaffin HP da yawa sun zo da huɗun a cike, har da RECOVERY da HP_TOOLS. Sai ka matse fili, Ubuntu ya ce ba zai iya amfani da shi ba.

Na biyu BitLocker, wato makullin sirri da Windows ke sa wa rumbu. Laftof da yawa na gwanjo suna zuwa da shi a kunne, mai ita bai ma sani ba. A nan Ubuntu ya cancanci yabo, domin in ya gan shi tsayawa yake ya ce a kashe. Amma ko ka kashe, ka fara rubuta makullinsa mai lamba 48 a takarda. Canjin saiti a BIOS kaɗai na iya sa Windows ya nemi lambar nan, in babu ita kuma babu mai gyaran da zai buɗe maka fayilolinka, komai ƙwarewarsa. Wannan ne kuskuren da ba ya gyaruwa, don Allah a kiyaye.

Na uku shi ya fi ruɗa mutane. Ka tashi daga filashi lafiya, amma Ubuntu ya ce a kashe RST, ko ya ƙi ganin rumbun gaba ɗaya. Dalili shi ne an saita SATA, wato hanyar haɗin rumbu, a BIOS a kan RAID ko Intel RST, abin da aka saba gani a Dell. Maganin mayar da shi AHCI ne, sai dai in ka canja kai tsaye Windows zai faɗi da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, saboda bai loda direban AHCI ba. Yadda ake yi: a msconfig ka sa alamar Safe boot, ka sake kunnawa, ka shiga BIOS da F2 a Dell ko F10 a HP, ka canja zuwa AHCI, ka bar Windows ya tashi a Safe Mode ya ɗauki direban, sannan ka cire alamar. Minti goma ne, amma ya raba ka da fomatin.

Daga nan sai ka buga powercfg /h off a Command Prompt na Windows a matsayin mai izinin gudanarwa. Wannan yana kashe Fast Startup, wanda ke sa Windows ya yi barci maimakon ya mutu, ya bar rumbun a kulle ta yadda Ubuntu zai iya karantawa amma ba zai iya rubutu ba. Filin da za a ba Ubuntu ma a Disk Management na Windows ya fi kyau a matse shi, a bar shi wayam ba a yi masa fomatin ba. Canonical ya ce giga 25 ya isa. A aikace bai isa ba, wata uku ka ji ya cika. Ba shi 60 zuwa 80. Mai SSD na giga 128 ya haƙura, ko ya sayi mai 256 tukuna.

Girkawar kanta ba ta da labari. F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓi filashi, ka bi tambayoyi. Ka fara gwada Wi-Fi da sauti kafin ka danna girkawa. In katin Wi-Fi na Broadcom ne ya ƙi aiki, jona waya da kebul ka ba shi intanet ya sauke direban. Ido kawai a kan layin "Erase disk", yana nan dab da wanda kake so, shi kuwa share komai yake.

Bayan an gama, agogon Windows zai riƙa komawa baya da awa ɗaya. Ba batirin agogo ba ne, kada a sayar maka da sabo. Linux yana ajiye lokacin duniya na UTC ne, Windows kuma lokacin gida, Najeriya kuwa tana gaba da awa ɗaya. Ga mai duba lokacin salla ko na lacca a allo wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Terminal na Ubuntu ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, shi ke nan.

Akwai abin da ban ji daɗinsa ba. A kan RAM giga 4 da tsohon rumbu mai juyawa, Ubuntu yana da nauyi, Firefox ma sai ka jira shi. Irin wannan na'ura Linux Mint Xfce ko Lubuntu ya fi dacewa da ita. CorelDRAW da AutoCAD ba sa aiki a cikinsa, Windows kuma ba ya karanta yankin ext4 na Ubuntu, don haka fayilolin da za a yi tarayya a kansu a yankin NTFS irin na Windows ake ajiye su. Sabuntawar Windows ma kan yi ɓarna: ta Agustan 2024 ta hana Linux tashi a kwamfutoci da dama masu saitin tsaro na Secure Boot a kunne. Saboda haka kada ka goge filashin nan, da shi ake shiga a gyara GRUB.

Ranar da ka gaji da Ubuntu kuma, in kwamfutarka ta UEFI ce, ka fara shiga BIOS ka mayar da Windows Boot Manager sahun farko, sannan ka goge yankinsa. In ka fara da gogewa, baƙin allo mai rubutun grub ne zai tare ka, alhali Windows yana nan lafiya a bayansa.