Kur ɗin Ingilishi na vakansi da na sa ɗiyata, ga yadda na gan shi

Iyaye da yawa na tambayata ko kur ɗin Ingilishin nan da wani mushe, wato malami, na lise ya buɗe a unguwarmu ya kai jika biyar ɗin da yake amsa a wata. Ya kai wallahi, har ya wuce, amma fa ba kowane yaro zai yi wa amfani ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta dalla-dalla kowa ya auna da kansa. Ɗiyata ce ta yi shi a vakansin bana, za ta shiga tarminal, kuma ni ma na sha zama a bayan kilas ɗin in na je ɗaukarta don mushen ba ya hana iyaye shiga.

Wurin ba wani babba ba ne, zaure ne aka gyara aka sa benci da tablo da fanka ɗaya, yara wajen ashirin maza da mata, daga la'asar zuwa dab da magariba. Kaye da bik kai za ka saya, fotokofi kuma yana cikin kuɗin.

Abin da ya bambanta shi da sauran kur ɗin da muka sani shi ne ba ya bin littafin lakwal shafi bayan shafi. Magana ɗaya ya ɗauka ya riƙe ta tun daga farko har ƙarshe, wato yadda 'yan lise na Amurka suka yi rayuwa lokacin yaƙin duniya na biyu, tun daga harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941 har aka gama a 1945. Su can yawancin makarantu suna buga littafin tunawa a ƙarshen shekara, da hoton kowane ɗalibi da ƙungiyoyin da ya shiga da 'yan kalmomin da abokai ke rubuta wa juna, to gidan tarihin yaƙin da ke New Orleans ya sa irin waɗannan a intanet, daga nan mushen ya ciro shafuka ya buga musu. Yaran sai suka ga fuskokin sa'anninsu, 'yan shekara 16 da 17, da gyaran gashinsu da kulob ɗin waƙa da na ƙwallo, kuma Ingilishin da ke ciki gajere ne irin wanda yaro ke rubutawa, ba mai tsoratarwa ba.

Darasin da ya fi burge ni shi ne na tambur ɗin yaƙi. Gwamnatin Amurka na neman kuɗi, sai ta riƙa sayar wa 'yan makaranta tambur na santi 10 da na santi 25, yaro ya manna a ɗan littafi, in ya tara 75 na santi 25 ya kai dalar Amurka 18.75 kenan, sai a ba shi takardar bashin gwamnati wadda bayan shekara 10 za ta zama dala 25. Makarantu har gasa suke yi a ga wadda za ta tara kuɗin motar jip ta soja, wajen dalar Amurka 900 a 1943. Mushe ya sa su yin lissafin da baki cikin Ingilishi, wannan na sayarwa wancan na saye, ana ba da canji, kuma a nan ne wani yaro ya ɗaga hannu ya ce mushe wannan ƙarin ba riba ba ce? Ya ce masa hukuncin ka tambayi malaminka na allo, amma tambayar taka maimaita ta da Ingilishi, kuma duk wanda ke da amsa ya ba ka da Ingilishi. Rabin awa suka yi suna gardama, da kuskure da komai, har da waɗanda ban taɓa jin muryarsu ba. Ni dai tun da nake ban ga 'yan lakwal ɗinmu suna rige-rigen yin magana da yaren nan ba sai ranar.

Akwai kuma ranar da ya shigo da 'ya'yan tumfafiya a leda. Ashe rigar da sojan ruwa ke sawa don kada ya nutse a lokacin da audugar rimi ake cika ta, kuma yawanci daga tsibirin Java ake kawo ta, da Japan ta kama wurin a 1942 sai hanya ta toshe. Amurkawa suka koma ga wani tsiro nasu ɗan'uwan tumfafiya mai irin wannan farin gashin a ciki, a 1944 aka baza 'yan makaranta cikin saura da bakin hanya suna tsinkowa a buhu, buhu biyu riga ɗaya, ana kai wa wata masana'anta a Petoskey cikin jihar Michigan. Ya fasa ɗaya a gabansu gashin ya tashi cikin kilas, daga nan ya koya musu kalmomin iyo da nutsewa da nauyi da sauƙi. Ɗiyata ta dawo gida tana ba ƙannenta labari, tana cewa Baba ashe abin da awaki ma ba su damu da shi ba ya ceci rai a teku.

Sauran ya bi ta kansu da sauri, tara tsohon ƙarfe da roba da takarda, lambun kayan miya a filin makaranta, ƙananan jiragen katako 500,000 da sojan ruwa suka roƙi makarantu su sassaƙa a 1942 don a koya wa mutane gane jirgin abokin gaba, da yadda malamai suka zauna cikin azuzuwa a watan Mayun 1942 suna rubuta mutane ana ba su takardar rabon sukari. Ya yi bayanin ƙungiyar Victory Corps da ofishin ilimi na ƙasar ya kafa a Satumban 1942 ƙarƙashin John Studebaker, mai sassa na ƙasa da ruwa da sama da masana'antu da hidimar jama'a, inda ake ba ɗalibai horon jiki da fareti da agajin gaggawa da lissafin tuƙin jirgi.

Inda na ƙara ganin girman mushen shi ne bai tsaya kan mai daɗin kaɗai ba. Ya nuna musu shafukan da aka jera sunayen samarin da suka bar aji kafin su gama, don a Nuwamban 1942 an sauko da shekarun ɗaukar soja dole zuwa 18, mai 17 ma yana iya shiga in iyaye sun sa hannu, da tutar da ake ratayewa mai shuɗin tauraro ga wanda ke fagen daga, na zinariya ga wanda ya mutu. Ya gaya musu wasu da yawa sun aje karatu sun tafi masana'anta saboda albashi. Ya kuma kawo shafuka daga makarantar sansanin Manzanar a Kalifoniya, inda aka tsare 'yan asalin Japan bayan dokar da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu ranar 19 ga Fabrairu 1942, mutum kusan 120,000 a sansani 10, mafi yawansu haihuwar Amurka, yara suna karatu da ƙwallo da bikin gama makaranta a bayan waya mai ƙaya. Kuma baƙar fata a jihohin kudu makarantunsu daban, sai a 1954 kotun ƙoli ta haramta haka. A ranar Manzanar ɗin akwai wata yarinya da iyayenta suka taso daga wajen Bosso lokacin harin Boko Haram na 2015, ta ce ita ma ta yi karatu a rumfa bayan sun gudo, mushe bai matsa mata ba, ya ce in tana so ta rubuta, ta rubuta shafi guda cur ta karanta musu. Wannan kam ya taɓa ni ƙwarai, na koma gida ina ta tunanin yaran Diffa da na Tillaberi da makarantunsu ke rufe.

Yanzu ga abin da bai yi mini ba. Na farko nahawu ya yi kaɗan sosai, kuma jarrabawar bak ta gama lise ba ta san labari mai daɗi ba, tana son yaro ya iya juya jimla da cike gurbi da rubuta insha'i a kan lokaci. Wanda tushensa bai zauna ba, irin wanda ya samu birebe da kyar, zai zauna ne yana kallon hoto wasu na magana, na ga biyu ko uku haka kuma ban ga an ware musu lokaci ba. Irin wannan yaron gara a fara kai shi kur na gyaran tushe tukuna.

Na biyu fotokofin, hotunan nan tsofaffi ne dama, in aka buga su baƙi da fari a inji mai ƙarancin tawada fuskokin sai su koma kamar gindin tukunya, rubutun ƙasan ma da ƙyar ake karantawa. Kwamfuta ɗaya ce gare shi, in an ɗauke wuta shi kenan, ga zafi ga sauro da damina, kuma ranar da aka yi ruwa mai yawa lungun cika yake, kabu-kabu ba ya yarda ya shiga. Yana yin latti wani lokaci, ko da yake yana rama musu.

Na uku, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, a duk tsawon kur ɗin ba a ce komai ba game da abin da ke faruwa a nan Damagaram a waɗannan shekarun. Mu ma yaƙin ya iso mu ai, an ɗebi samari soja an kai su yi wa Faransa yaƙi, ƙasar na hannun gwamnatin Vichy, wato ta Faransa mai bin Jamus, har ƙarshen 1942, ana karɓar hatsi da dabbobi, ga aikin tilas da ba a soke shi ba sai a 1946. Lokacin da ɗan Amurka ke manna tambur, ɗan Birni ko Zango mai shekarunsa me yake yi, su nawa ne ma suka ga ƙofar lakwal? Na faɗa wa mushen haka a gaban idonsa, na ce Malam da ka sa kowane yaro ya je ya tambayi kakansa ko wata tsohuwar gidansu ya rubuto da Ingilishi, da an haɗa biyun. Ya saurara da kyau, ya ce zai gwada badi, Allah ya sa.

A satin ƙarshe sun haɗa nasu littafin tunawar, kowa da hotonsa da layi uku a kan kansa da abin da yake son zama, aka kai kusa da Kasuwar Dole aka buga aka ɗinke, dala ɗari-ɗari suka tara. Ya ce zai sake buɗewa a ƙaramin hutun Disamba na sati biyu, kuɗin rabi, kuma ba zai wuce yara ashirin ba, don haka mai so ya je da wuri. Ni zan sa ƙaninta, amma zan haɗa masa da wani malamin da zai riƙa yi masa nahawu da safe.